Tsofaffin airis masu gemu, da abin da ya sa na fi son su a kan na zamani

Rabin alotmen ɗina furen da ba a ci na ba wa, kuma har yau maigida bai gama yafe min ba. Alotmen ga wanda bai sani ba ɗan fili ne da ƙaramar hukuma ke ba mutum haya a nan Ingila ya yi 'yan shuke-shukensa, namu yana bayan layin dogo a yankin Suffolk, gefe ɗaya na sa alayyaho da albasa da tumatir da kabewa kamar kowa, ɗaya gefen kuwa furen da ake kira airis ne zalla, masu gemu, tsofaffin iri. Shi maigida duk ran da ya ga na tono saiwarsu sai ya ce wai ga cittar da ba ta shiga shayi. Ta fuskar kama kam gaskiyarsa ne, saiwar a kwance take a saman ƙasa, mai kauri mai gaɓa-gaɓa sak ɗanyar citta, sai dai don Allah kar wanda ya kai ta baki, tana ɓata ciki sosai, masu ƙananan yara da masu kyanwa a kula.

Furen kansa kunnuwa shida gare shi. Uku a tsaye sun haɗa kai a sama, uku sun zubo ƙasa, to a kan kowane ɗaya daga na ƙasan akwai wani layin gashi mai laushi, yawanci rawaya ko ruwan goro, da ya fito tun daga maƙogwaron furen. Shi ne gemun. Manyan ƙudajen zuman nan masu gashi a kansa suke sauka, su bi shi su kutsa ciki, in ka tsaya kusa sai ka ga furen gaba ɗaya yana rawa, can ƙudan ya fito da baya-baya gadon bayansa duk garin fure. Fure ɗaya kwana biyu zuwa uku yake yi ya yanƙwane, amma kowane kara yana da da yawa a jere suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiyar Mayu zuwa cikin Yuni. Sati uku, in an yi sa'a huɗu, shi kenan sai baɗi. Wannan ne babban aibinsu kuma ba zan ɓoye shi ba, sauran watannin shekara ganye kawai za ka ta kallo.

Masu wannan harka a Amurka suna da ƙungiya tun 1988, Historic Iris Preservation Society, su suka yanke cewa duk irin da ya shekara 30 da fitowa kasuwa ya shiga sahun na tarihi. Ni ma'aunin nan dariya yake ba ni, don da shi 'Dusky Challenger' na 1986, ƙaton nan mai shunayya mai duhu, wai ya zama tsoho, alhali ni nan na girme shi. Ni a wajena in ana maganar tsohon iri to wanda ya fito kafin 1960 ne, in ma so samu ne kafin yaƙin duniya na biyu.

Asalinsu dai na daji ne guda biyu aka yi ta haɗawa, Iris pallida mai ruwan shuɗi-shuɗi mai ƙamshi daga gaɓar tekun Kuroshiya, da Iris variegata gajere mai rawaya da jijiyoyi ruwan ƙasa daga wajen Hangari. A Faris wani mai gidan shuka da ake kira Lémon ya fitar da 'Honorabile' a 1840, sama rawaya ƙasa ruwan makuba, ya kuma fitar da 'Mme Chereau' a 1844, fari tas da bakinsa zagaye da siririn zanen shuɗi. Duk waɗannan na farkon ƙananan fure gare su, kuromosom ɗinsu, wato 'yan zaren da ke ɗauke da gadon halitta, 24 ne. Sai wani likita malamin jami'ar Cambridge, Sir Michael Foster, ya fara samo wasu manya daga Turkiyya da ƙasashen da ke kusa da ita, ciki har da 'Amas' da aka kawo daga Amasya a 1885, su kuma 48 gare su, ninki biyu kenan, shi ya sa furensu ya fi girma kunnuwan suka fi kauri. Da aka haɗa jinin nan biyu sai harka ta canja. Arthur Bliss a Devon ya fitar da 'Dominion' a 1917, mai kunnuwan ƙasa masu sheƙin karammiski, daga nan Amurkawa suka karɓe ragamar, kowace shekara sai an ƙara girma, an ƙara tattara a bakin kunne, an samo launin da da babu shi, har ruwan hoda mai gemu ruwan lemo.

Ba wai na zamanin ba su da kyau ba ne. Wanda ya ga 'Beverly Sills' ya buɗe da safe ya ce bai burge shi ba to bai faɗi gaskiya ba. Amma ku zo alotmen ɗinmu washegarin ruwa da iska na ƙarshen Mayu ku gani. Wani bawan Allah da filinsa ke kallon nawa manyan na zamani yake shukawa, fure ɗaya ya kusa tafin hannu biyu, da ruwa ya cika kunnuwan sai karan ya kasa ɗauka, ka tarar da su kwance cikin taɓo dodon koɗi ya hau kai yana biki, shi kuma yana bi da sanda da igiya yana ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni. Nawa 'Wabash' a tsaye yake ƙyam. Mary Williamson ce ta fitar da shi a Indiana a 1936, ya ci lambar Dykes a 1940, wadda ita ce lamba mafi girma a harkar airis, sama fari ƙal, ƙasa shunayya mai duhu da ɗan farin layi a baki, karansa siriri amma iska sai dai ta kaɗa shi ta wuce. Haka 'Quaker Lady' na Bertrand Farr, 1909, wanda launinsa ma ba ka iya ba shi suna ɗaya, toka-toka ne da shunayya da ɗan ruwan zuma a ciki, da rana tsaka ba ya wani ɗaukar ido amma da la'asar sakaliya sai ka ga mutane sun tsaya a bakin waya suna tambaya wannan fa mene ne.

Ga kuma ƙamshi. Da yawa cikin sababbin an bi girma da launi an bar hanci a baya. Pallida kuwa in ya buɗe tun daga ƙofar alotmen nake jin sa, zaƙi-zaƙi, yana ɗan tashi da ƙamshin inibi. 'Jane Phillips' ma haka, shuɗi mai haske, tun wajen 1950 ya fito kuma har yanzu ana yawan samun sa a lambunan Ingila. 'Yan uwana mata masu haɗa humra da turaren wuta ga naku, saiwar pallida ɗin nan ita ce ake kira oris a harkar turare, a Tuskani ta Italiya ake nomanta a kan tuddai, Maroko ma suna noman wani ɗan uwansa, a tono a fere a shanya, sannan a ajiye shekara uku ko fiye kafin ƙamshin ya fito, don ɗanya ba ta da wani ƙamshin kirki. Shi ya sa man oris yake cikin kayan turare mafi tsada a duniya.

Amma duk ba wannan ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda ake yaɗa su. In ka shuka ƙwayar irin 'Mme Chereau' abin da zai fito ba 'Mme Chereau' ba ne, wani abu ne daban, wataƙila mai kyau wataƙila tarkace. Hanya ɗaya ce tak ta samun sa, a yanki saiwarsa a ba ka. Ma'ana wanda ke cikin filina yau ba jikan na 1844 ba ne, ba tattaɓa kunnensa ba ne, shi ne da kansa, tsiro ɗaya ne tun wancan lokaci ake ta yanka ana miƙawa, wannan ta ba maƙwabciyarta, wancan ya tafi da shi a jirgin ruwa, yaƙi biyu na duniya suka zo aka tone lambunan fure aka shuka dankali, amma wani a wani lungu ya bar ɗan gindi ɗaya a jikin katanga. Ni nawa wata tsohuwa baturiya ce a alotmen ta ba ni cikin ledar burodi, ta ce ita ma daga gidan uwarta ta ɗauko, ta riƙe min hannu ta ce in rubuta sunan kafin in isa gida. A Amurka har yau ana tsintar 'Honorabile' a kangon gidajen gona da tsofaffin maƙabartu, gidan ya rushe masu shi sun daɗe da mutuwa, shi yana nan yana fure ba mai ba shi ruwa.

Maganar maƙabarta ta tuna min da farin nan, Iris albicans. Asalinsa daga yankin Larabawa ne, Yaman da Saudiyya, kuma Musulmi sun daɗe suna shuka shi a kan kaburbura, ta haka ya bi su har Arewacin Afirka da Sifen da Turkiyya. Kusan ba ya yin ƙwaya sam, kenan duk inda aka gan shi ban da ƙasarsa ta asali hannun mutum ne ya kai shi. Da na gaya wa maigida wannan sai ya ɗan yi shiru, ya ce to wannan ɗin dai a bar shi.

Mu a Suffolk muna da namu na gida. Sir Cedric Morris mai zane ne, ya zauna a wani gida da ake kira Benton End a Hadleigh daga 1940 har ya rasu a 1982, yana koyar da zane yana kuma haɗa airis, a shekara yakan tayar da tsiro wajen 1,000 daga ƙwaya ya zaɓi 'yan kaɗan ya watsar da sauran, waɗanda ya raɗa wa suna wajen 90 ne, kusan duk da Benton a gaba. Sunayen abokansa da dabbobinsa yake sa musu, 'Benton Menace' sunan kyanwarsa ne, 'Benton Rubeo' kuma akunsa. Da yake idon mai zane gare shi launukansa ba masu ihu ba ne, ku nemi hoton 'Benton Olive' ku gani, ruwan madara da ya sirka da zaitun, sai ɗan tabon shunayya a ƙarƙashin gemu. Bayan rasuwarsa yayi ya wuce su, gidajen shuka suka daina sayarwa, saura ƙiris su ɓace gaba ɗaya. Sarah Cook, wadda ta yi shugabar masu lambu a Sissinghurst, wani shahararren lambu a nan Ingila, ita ce ta ci karo da alamar sunan 'Benton Nigel' a can, da ta yi ritaya ta dawo Suffolk ta shiga farautarsu lambu-lambu, har ƙasashen waje, ta tattaro fiye da 20, a 2015 ita da Howard Nurseries suka kai su baje kolin furanni na Chelsea suka ci zinare. Yanzu kowa Benton yake nema, kuɗinsu ya hau, sai ka yi rajista ka jira. Sauran da ba a gano ba kuwa, ina kyautata zaton wasu suna nan a bayan gidajen mutane suna fure duk Mayu, sunan ne kawai ya faɗi.

To yadda nake shuka su. Rana suke so, aƙalla awa shida a yini, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Mu nan gabashin Ingila Allah ya taimake mu don yankinmu ya fi ko'ina ƙarancin ruwan sama a ƙasar, amma filina laka ce, dole na tayar da kunya na zuba tsakuwa ƙanana na gauraya. Sai babban sharaɗi, wanda a nan ne yawancin mutane ke kashe nasu: ba a binne saiwar. Mu da muka taso da binne duk abin da aka shuka hannunmu da kansa yake son ja mata ƙasa, to a'a. Ɗan tudu za ka yi a tsakiyar rami, ka ɗora saiwar a kai, ka baza jijiyoyin dama da hagu ka binne su su kaɗai ka danne da kyau, gadon bayan saiwar a waje rana tana dukan sa. Ganyen ya kasance ta arewa, saiwar ta kalli kudu don kar ganyenta ya yi mata inuwa. Zafin ranar bazara da ta sha shi ne furen baɗi. Tazara wajen santimita 30 zuwa 45, ruwa ranar shuka da 'yan satuttukan farko in an yi fari, daga nan ka ƙyale su. Ba a rufe su da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace yadda ake wa sauran furanni, ba a sa musu ɗanyen taki, ba a sa mai naitirojin da yawa, ganye za su yi ta yi saiwar ta yi laushi ta ruɓe. Ɗan garin ƙashi ya ishe su. Ciyawa kuwa da hannu ake cire ta, fartanya tana sarar saiwa.

Kowace saiwa sau ɗaya take fure a rayuwarta. In ta yi sai ta fitar da 'ya'ya a gefe, su ne na gaba, ita kuma ta zauna a tsakiya ta bushe. Bayan shekara uku zuwa huɗu sai ka ga gindin ya cunkushe, sun hau kan juna, tsakiya fayau ba ganye, fure ya ragu. Lokacin rabo ya yi kenan, wajen sati shida bayan gama fure, a nan Yuli zuwa Agusta, don su samu su kama ƙasa kafin sanyi. A tono gindin gaba ɗaya, a karkaɗe, a yanke matasan na gefe da wuƙa mai tsabta kowace da ganyenta da jijiyarta, tsohuwar ta tsakiya a yar. Ganyen a rage shi zuwa kamar santimita 15 don kar iska ta tumɓuke ta kafin ta kama. Tsofaffin irin nan kuwa akwai haihuwa, gindi ɗaya sai ya cika maka baro, dole ka nemi wanda za ka ba.

Ciwonsu babba ruɓewa ce, wata ƙwayar cuta ke kawo ta in danshi ya yi yawa. Za ka ga ganye ya yi rawaya ya faɗi daga tushe, in ka danna saiwar yatsanka ya nutse, ga wani wari mai tayar da zuciya da sai ka wanke hannu sau nawa bai fita ba. Ni tsohon cokali nake sa wa in kwashe ruɓaɓɓen har sai na kai ga farin nama mai tauri, in bar wajen a buɗe rana ta busar, cokalin da wuƙar kuma a ruwan bilic kafin su taɓa wani. Akwai ɗigo-ɗigon ganye ruwan ƙasa da ke zuwa in an yi damuna mai yawa, muni ne kawai ba ya kisa, a yanke a kwashe kar a bari a gindin. Dodon koɗi da 'yan uwansa marasa gida su ne abokan gabarmu a Ingila, cikin saiwoyin suke kwana. Mutanen gabashin Amurka kuma suna fama da wata tsutsa da ke huda ganye ta gangara ta cinye saiwar ta ciki, mu nan Allah ya raba mu da ita.

Wahalar da ta fi duk waɗannan ita ce suna. In ba fure duk kamarsu ɗaya, ganye ne da saiwa. Na taɓa sayen wai 'Alcazar', na gidan shukar Vilmorin na Faransa na 1910, a wajen wani mai sayarwa a intanet, na jira har Mayu ta zagayo, abu ya buɗe rawaya shar, alhali 'Alcazar' shunayya ne. Na yi masa magana ya ce wai ƙasata ce ta canja masa launi. Ƙarya ce, ƙasa ba ta mayar da shunayya rawaya. Abin da kan faru in ka ji an ce airis ya rikiɗe shi ne ko dai tun farko an ba ka wani, ko wani mai ƙarfi a gefe ya mamaye wajen, ko an bar kwanson iri ya fashe ƙwaya ta tsiro a tsakiyar gindin, shi ya sa nake karye karan daga tushe da zarar fure ya ƙare. Alamar roba kuma ba abin yarda ba ce, rana tana cinye rubutun tawada, tsuntsaye suna tsige ta, ga yaran maƙwabta. Ni ta ƙarfe nake sa wa in rubuta da fensir, in binne wata ta biyu a ƙarƙashin gindin, in zana taswirar kunyar a littafi, sannan ranar rabo in rubuta sunan a jikin ganyen kowace saiwa tun kafin in ɗaga ta daga wajen. Rawayan nan na intanet ban yar da shi ba, yana can ƙarshen kunya, kuma duk wanda na ba ina gaya masa ba shi da suna, kar ya je ya laƙa masa wani.

Yayata a Kano ta dame ni wai in taho mata da su in na zo hutu. Na ce Yaya ki yi haƙuri, ko an bar ni na wuce da su a filin jirgi, wanda sai da takardar lafiyar tsiro, waɗannan sai sun sha sanyin hunturu na gaske na watanni kafin su yi fure, sanyin da ya wuce na Disambarmu nesa ba kusa ba, ga ruwan Agusta da zafi a haɗe wanda shi ne ainihin abin da ke ruɓar da su. Ta ce to in turo hoto. Waɗanda ke nan Ingila kuwa, bana 'Wabash' da pallida da 'Mme Chereau' ne suka isa rabo, kyauta ne ga mai so, ni kuma ina neman 'Gracchus' na 1884 in akwai mai shi, amma wanda ya ga furensa da idonsa.